Igiyar Lodin Baba

Sallama gare ku, mutanena. Masu turo min saƙo suna cewa "Ruhaina, kin yi shiru, akwai abin da kike ɓoye mana," to ku gyara zama, yau ba zan rage muku komai ba. Waɗanda yau suka fara shigowa kuma, ga ni a taƙaice: shekarata ashirin da bakwai, ina sayar da magani a wani kemis a Maamobi, gidanmu yana Nima, duk a nan Accra, kuma akwai wani bawan Allah mai suna Mutawakil, mai gyaran waya a Circle, wanda kawunsa ya zo wurin mahaifina sau biyu neman aurena. Duk zuwan, Baba ya tare su da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya raka su har bakin titi, sannan ya ce, "A ɗan dakata tukuna." Wata goma sha ɗaya ke nan muna dakatawa.

Don Allah kada wanda ya zagar min uba a ƙasan rubutun nan. Ba ƙin Mutawakil yake yi ba. Ina shekara tara mahaifiyata ta shiga motar Tamale za ta biki. Baba ne ya kai ta tasha, shi ya zaɓa mata kujera kusa da taga, kuma ba ta dawo ba, Allah ya ji ƙanta. Tun daga ranar, in na wuce minti goma ban shigo gida ba zan tarar da shi tsaye a bakin lungu da carbinsa, yana yi kamar iska yake sha. Ina son mutumin nan har cikin ƙashina, amma akwai ranakun da nake jin numfashina ba ya isa ta.

To me ya kai ni ga hawan dutse? Bara ne muka je bikin wata ƙawata a Somanya, ni da Anti Amama, ƙanwar mahaifiyata da ke sayar da waakye, shinkafa da wake irin namu na nan, a ƙofar gidanmu. Da muka zo wajen duwatsun Shai, sai na hango wata aba ja a manne a jikin dutse, can sama. Na zata tsumma ne iska ta kai. Sai na ga tsumman ya miƙa hannu. Mace ce, wallahi, babu komai a samanta sai sararin Allah. Ku da kuka san Nima kun san sararinmu: ɗan abin da ya rage tsakanin kwanon rufi da wayoyin lantarki. Tun daga ranar abin ya shiga raina ya ƙi fita.

Na yi wata da watanni ina shirya yadda zan faɗa wa Baba. Ranar da na yi ƙarfin hali, bayan la'asar ne, yana zaune a tabarma yana jin rediyo. Na gama zuba, na sunkuyar da kai ina jiran "a'a".

"Da me ake hawan?" ya tambaya.

"Da igiya, Baba."

Sai ya rage muryar rediyon. Ni kuwa da na manta da wa nake magana! Shekara talatin da huɗu Malam Husseini ya yi yana ɗaure lodin albasa a kasuwar Agbogbloshie, tun zuwansa daga Tawa yana saurayi har aka tashi kasuwar, gwiwoyinsa ma suka ce sun gaji. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: buhu ko guda bai taɓa faɗowa daga motar da ya ɗaure ba. Igiyarsa ta ƙarshe tana nan rataye a ƙusa a ɗakinsa, kauri kamar babban yatsa, har yau tana ƙanshin albasa, kuma ko ƙura ba a yarda wani ya kaɗe mata ba.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "in dai igiya ce, ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba, sai na taɓa ta da hannuna. Ki nemo masu kai mutanen, mu je in gan su."

Anti Amama tana jin mu daga bakin murhu. "Ei, Mallam! Yarinyan nan shina so ya je ya rataya bisa dutsi, kai kuma kana tambaya igiya? Mutane na neman miji, shi yana neman dutsi!"

"Mijin ai yana nan, Anti," na ce ƙasa-ƙasa. Baba ya ƙara muryar rediyonsa.

Mutawakil ne ya samo na farko. Ya turo min shafinsu da safe ina shara a kemis: "Duba waɗannan, mabiyansu sun yi yawa paa." Hotuna kam sai wanda ya gani. 'Yan mata da tabarau suna dariya a saman dutse, rana na faɗuwa a bayansu, kowa fes kamar ba a yi gumi ba. Na rubuta musu tambayoyina uku: ina sa hijabi, hular kwanon za ta zauna a kai? Wa zai ɗaura min ɗamarar da ake zura ƙafafu a ciki, mace ko namiji? Kuma mutum nawa jagora ɗaya yake kula da su? Amsa ta zo nan take, da Turanci da zanen zuciya guda uku: kada in damu da komai, in zo kawai, hotunana za su yi kyau.

Duk da haka muka je, don ofishinsu a Osu yake, ni kuma na ga ƙyalli. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Wani matashi mai turare ya zaunar da mu cikin sanyi, ya juya mana fuskar kwamfuta yana nuna bidiyo. Baba ya kalla cikin ladabi har ya ƙare, sannan ya ce in tambaye shi ina igiyoyin.

Matashin ya yi dariya. Ya ce suna cikin mota, ko kuma a wurin wani abokin aikinsa, bai tabbata ba, amma duk daga waje aka kawo su, Dadi ya kwantar da hankalinsa.

Baba ya miƙe, ya yi masa godiya, ya sa albarka. Sai da muka zauna a trotro, motar hayarmu, ya ce, "Yaron kirki ne. Amma bai san inda igiyarsa ta kwana ba."

Na juya fuska wajen taga don kada ya ga idona. A raina na ce shi ke nan, an sake cewa a dakata.

Ta biyun ni na samo ta, kuma saura kaɗan in wuce shafinta, don hotunan ba su da kyau ko kaɗan. Rabinsu igiyoyi ne a baje a kan tabarma, sauran kuma mutane ne jiƙe da gumi, wata ma kuka take. Sunanta Zelia, a unguwar Madina ta nan Accra take. Na tura mata tambayoyin nan uku ba tare da na sa rai ba. Sai bayan azahar amsa ta zo, saƙon murya mai minti huɗu.

"Sista Ruhaina, salamu alaikum. Hijabi ba matsala kraa. Amma kar ki zo da mai fil, fil na iya soke ki in hula ya danna. Sa irin na zurawa, ki tura bakinshi cikin riga, don kar ya shiga ƙarfe. Wando mai faɗi, ba siket ba. Yanke farce. Ɗamara ni zan ɗaura miki da hannuna. Mutum huɗu nike ɗauka, ni da mataimakiya na, ba ƙari. Kuma ba na kai kowa dutsi sai ya zo gida ya gwada bango tukun. In akwai wanda hankalinshi bai kwanta ba, uwa ko uba ko miji, zo da shi."

Sau uku na saurara. Na huɗun na kunna wa Baba. Sai ya ce, "Yaushe?"

Ranar Lahadi da hantsi na fito cikin shirin da aka ce: baƙin hijabi na zurawa, doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu, wandon motsa jiki da na saya a kasuwar Nima, farce a yanke har sai da na ji tausayin lallena. Anti Amama ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi kama da mai zuwa kama ɓarawo, sannan ta cusa min waakye a ganye har ƙunshi uku. Mutawakil yana jira a bakin titi cikin shadda ruwan bula, a goge tsaf kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙa hannu zai karɓi buhun da Baban ya saɓo a kafaɗa.

"Bar shi, ɗana, ba nauyi."

Ni na san abin da ke cikin buhun. Ƙanshin albasa ya riga ya faɗa min.

Gidan su Zelia babban gida ne na haya irin namu, sai dai a bayansa an kafa bangon katako mai tsayin bene guda da rabi, an manna masa duwatsun roba kala-kala. Ita kuwa gajeriya ce, ba za ta wuce arba'in ba, hannayenta duk kanta. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta kawo masa kujera, kuma kafin ya buɗe baki ta jawo jakunkuna uku ta zazzage igiyoyin a kan tabarma a gabansa.

"Baba, ga su. Duba yadda ka so."

Na ga fuskarsa ta ɗan yamutse, don igiyoyin sirara ne, ba su kai ƙaramin yatsa ba. Amma ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar, ya rufe ido. Ya soma jan ta farko tsakanin yatsunsa, kamu-kamu, yana lanƙwasa ta yana matsawa. Tun ina yarinya rabon da in ga hannayensa suna wannan aikin. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A tsakiyar ta uku, shuɗiya, yatsunsa suka tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Nan cikinta ya mutu," ya ce.

Zelia ta karɓa. A ido babu komai, lafiya lau. Ta lanƙwasa wurin, sai ya karye kwatsam ya kwanta, maimakon ya yi gwiwa kamar sauran. Na ce a raina yanzu za a fara kare kai, a ce ai daga waje aka kawo ta.

"Gaskiyanka, Baba. Jiya na duba shi, ban ji ba." Ta shiga ɗaki ta fito da wuƙa, ta yanke igiyar a wurin, ta sake yanke ragowar gunduwa-gunduwa a gabanmu. "Don kar wani ya ɗauka da mantuwa. Na gode. Allah ya ƙara ma hannun nan albarka."

Baba ya dube ta ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni. "Wannan ce za ta kai ki."

Mutanena, saura kaɗan in yi guɗa. Amma ban gama murna ba ya jawo buhunsa ya kwance baki, ya fito da igiyar lodinsa.

Ya ce wa Zelia, "Sai dai da sharaɗi. Naku sirara ne. Ki ɗaura mata taki, ni kuma in ƙara mata da wannan a ƙugu. Buhu ɗari biyu ta riƙe daga Galmi har Accra, ko kamu ɗaya ba ta taɓa saki ba."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Na saci kallon Zelia ko za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta karɓi igiyar da hannu biyu, ta shafa ta, ta yaba saƙarta. Sannan ta ce, "Baba, bari in nuna maka abu ɗaya, kai za ka yanke hukunci."

Akwai buhunan yashi biyu a gindin bangon. Ta hau da tsani ta ɗaura igiyar Baba a ƙarfen sama, Mutawakil ya taimaka aka ja buhu ɗaya sama, ta bar igiyar da ɗan sako-sako, ta ture shi. Buhun ya faɗo, igiyar ta tsaya cak. Ji kake ɓaaat! Ɗinkin ya yage, yashi ya zubo ƙasa kamar an buɗe famfo. Aka ja na biyu da siririyar igiyarta, aka ture. Ya faɗo, igiyar ta miƙe ta bi shi kaɗan, ta dawo da shi, ya yi ta lilo lafiya lau.

"Igiyanka bai tsinke ba, Baba, kuma ba zai tsinke ba," Zelia ta ce a hankali. "Don kaya aka yi shi, kaya ba a so ya motsa. Amma mutum in ya faɗo, in igiya bai ba shi kaɗan ba, bayanshi ne zai karye. Namu an yi shi ya riƙe, ya kuma bayar."

Baba ya tsaya yana kallon yashin nan har ya gama zuba. Ya naɗe igiyarsa yadda ya saba, a gwiwar hannu da tafi, ya mayar cikin buhu.

Sai aka zo kaina. Zelia ta ɗaura min ɗamara, ta ja kowane maɗauri ta sake ja, ta zaunar min da hular kwano a kan hijabi, ta ƙulla igiya ta sa na duba ƙullin da kaina. Ita ce za ta riƙe ni daga ƙasa, igiyar na bi ta wani ɗan ƙarfe a ƙugunta. Ragowar da ta zubo bayanta kuwa sai ta miƙa wa Baba. "Riƙe wutsiyan, Baba. In ni na kuskure, kai ne na biyu."

Na yi bismillah na kama dutsen farko. Ba zan yi muku ƙarya ba, sau biyu na so in ce a sauke ni. Amma na hau. Kamu bayan kamu, har na dafa ƙarfen sama, na ɗaga kai na ga rufin gidajen Madina da hasumiyar wani masallaci da shaho yana shawagi. Na yi ihu, ban ma san me na ce ba.

"Da kyau! Yanzu saki bango, zauna cikin ɗamara, in sauko da ke."

Na saki, na zauna a iska. Na jira. Ban motsa ba. Ɗamarar ta fara cin cinyoyina. Na leƙa ƙasa, sai na ga dalili: Baba ya naɗe wutsiyar igiyar a hannunsa sau biyu, ya kafa ƙafa, ya ja baya da dukkan ƙarfin da ya rage masa. Idonsa a kaina, leɓɓansa na motsi. Zelia na ce masa, "Baba, saki kaɗan-kaɗan," amma ko jin ta ba ya yi.

"Baba!" na kira shi. "Baba, ka riƙe ni, na gani. Amma in ba ka sake min ba, ba zan iya dawowa wurinka ba."

Ban shirya maganar ba, wallahi, ciwon cinya ne ya fito da ita. Sai da ta fita na ji nauyinta, hawaye suka zubo min a cikin hular. Na ga ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. Ya warware naɗi ɗaya. Ya warware na biyu. Igiyar ta soma zamewa tsakanin yatsun nan da suka yi shekara talatin da huɗu suna ɗaurewa, ni kuma ina saukowa a hankali, har tafin ƙafata ya taɓa ƙasa a gabansa. Ya dafa hular kwanon da hannunsa.

"Kin dawo, Uwata."

"Na dawo, Baba."

Zelia ta juya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Mutawakil ya ce yashi ne ya shiga masa ido.

Muka zauna muka buɗe waakyen Anti Amama, Zelia ta ce ranar Asabar za ta kai ni dutsen. Baba bai ci da yawa ba. Can ya goge hannu ya ce, "Malama Zelia, ranar Asabar a dutsen, wa zai tsaya inda na tsaya?"

"Mataimakiya na. Ko wani nata, in ya koya."

Baba ya juya. "Mutawakilu."

"Na'am, Baba."

"Ni hannuna riƙewa kawai ya iya, kuma na tsufa da koyon wani abu. Kai za ka tsaya. Amma ban yarda mutum ya riƙe min ita bai san yadda ratayewa take ba. Ranar Asabar kai za ka fara hawa, har sama, ita Uwata ta riƙe maka wutsiyar. In ka sauko, ka ce wa kawunka ina gida ranar Juma'ar da ke biye, ya zo da goronsa."

Wata goma sha ɗaya, sai ga amsar a kan tabarma, tsakanin ganyen waakye da gutsattsarin igiya! Na dubi Mutawakil don mu haɗa ido, sai na ga fuskarsa ta yi fari kamar an shafa masa toka. Nan na tuna abin da Baba bai sani ba. Mutumin nan in zai haye gadar sama ta Circle, tsakiya yake bi, idonsa a kan takalminsa. A masallacin Juma'a ya gwammace ya yi salla a rana da ya hau bene.

"To, Baba," ya ce. "In sha Allahu."

Da muka iso gida Baba ya miƙa wa Anti Amama buhun ya ce igiyar shanyarmu ta tsufa, a ɗaura wannan. Yanzu haka da nake muku rubutu ina hango igiyar ta taga, ta ratsa tsakar gida daga bango zuwa bango, baƙin hijabina na bushewa a kanta.

Yau Laraba. Da safe ina jera magani wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Mutawakil, a karkace, ya ɗan yi duhu: ƙafafunsa biyu a kan tsanin maƙwabcinsa mai gyaran lantarki, ƙasa na can ba nisa. A ƙarƙashi ya rubuta:

"Mataki shida yau. Jiya huɗu ne. Kada ki faɗa min tsayin dutsen, Ruhaina. Ki dai riƙe."